Baƙin da ke Fuskar Wata da Sunan da ya Dace da Shi



Duk wanda ya tsaya a fili a nan Samaru daren sha huɗu ga wata, ko ya hau soro a Sabon Gari ya ɗaga kai, zai ga cewa farin wata ba fari ne fat ba. Akwai tabo-tabo masu duhu shimfiɗe a fuskarsa. Littattafan Turawa suna kiransu tekuna, ga shi kuwa ana ta juya ilmin kimiyya zuwa Hausa domin makarantu da gidajen rediyo. Saboda haka ya kamata a san ko mene ne wannan baƙi tun kafin a raɗa masa suna.

Tambayar tsohuwa ce. Ibn al-Haisam, masanin da ya zauna a Alƙahira ya rasu wajen shekarar 1040, ya rubuta risala sukutum a kanta, inda ya nuna cewa tabon a jikin watan yake, ba girgije ba ne ko inuwar wani abu. Bayan Galileo ya dubi wata da madubin hangen nesa a 1609, sai wani malamin Italiya, Riccioli, ya buga taswira a 1651, ya sa wa wuraren sunaye da Latinanci: Tekun Natsuwa, Tekun Ruwan Sama, da sauransu. Sunayen nan suka zauna, alhali kuwa babu ko ɗigon ruwa a cikinsu.

Ran 20 ga Yuli, 1969, kumbon Apollo 11 ya sauka a Tekun Natsuwa, mutanensa suka taka ƙasa busasshiya, suka komo da duwatsu da ƙura kimanin kilo 21. Da aka auna su, sai aka tarar yawancinsu narkakken dutse ne da ya kwararo daga ciki ya sandare. Asalin abin kuwa shi ne, wajen shekara miliyan 3,900 da suka wuce manyan duwatsu daga sarari sun faɗa wa wata, suka haƙa kwaruruka, waɗansu faɗinsu ya fi kilomita 1,000. Daga baya zafin cikin wata ya narkar da dutse, ya ɓullo ta tsagogi, ya malale kamar kunu, ya cika kwarurukan. Yawan ƙarfen da ke cikinsa shi ya sa ya yi duhu, su kuwa tsaunukan da ke kewaye dutsensu mai haske ne.

Wannan shimfiɗa ta rufe kimanin kashi 16 cikin ɗari na jikin wata, kusan duka a gefen da ke fuskantar duniya. Wata fuska ɗaya yake nuna wa mutane kullum, don juyinsa a kan kansa da zagayensa na duniya lokacinsu ɗaya ne. Sai a 1959 kumbon Rasha, Luna 3, ya ɗauko hoton bayansa, aka ga baƙin kaɗan ne ƙwarai a can, inda ɓawon watan ya fi kauri. Har ila yau, samfurin da kumbon Sin, Chang'e 5, ya kawo a 2020 ya nuna cewa wani malalen shekarunsa miliyan 2,000 ne kawai, watau cikin watan ya daɗe da zafi fiye da yadda masana suka zata.

Irin wannan dutse ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Tudun Biu a Borno shimfiɗe yake da shi, haka kuma wajen Panyam a tudun Jos, inda tsofaffin duwatsu masu aman wuta suke tsaye har yanzu. Dutsen Kufena na Zariya kuwa wani iri ne dabam, wanda ya sandare sannu a hankali a ƙarƙashin ƙasa. Daɗin daɗawa, ran 3 ga Oktoba, 1962, kwana ɗaya kafin a buɗe Jami'ar Ahmadu Bello, wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo a wata gona a Zagami cikin Lardin Katsina. Shi ma narkakke ne da ya sandare, daga baya aka tabbatar daga duniyar Mirrihi ya zo.

To, in malami ya gaya wa yaro a aji cewa an sauka a teku, yaron zai tashi da hoton ruwa a zuci, kuskuren ƙarni na 17 ya shigo Hausa ke nan ta ƙofar fassara. Bahaushe kuwa yana da kalmarsa. Manomi ya san faƙo: fili mai tauri, shimfiɗaɗɗe, wanda ba ya riƙe ruwa, ba ya tsirar da kome. Baƙin faƙon wata ya fi teku gaskiya, kowane ɗan ƙauye kuma zai gane shi nan take. Sunayen taswira ana iya barinsu domin duniya ta saba da su, amma lalle ne mai fassara ya bi su da bayani.

Nauyin yana kan ɗaliban da za su koyar gobe, da ma'aikatan da ke tsara littattafai da labarai yau. Kafin a ari kalma, a fara sanin abin da take nufi, sa'an nan a duba rumbun gida.