Zumunci a Ƙafa Yake: Jawabi Kan ’Yan’uwanmu da Suka Tashi Daga Jinyar Ciwon Daji

 



Mu da aka ɗora wa kula da jin daɗin malamai, mun saba tsayawa gabanku a kan albashi da ƙarin girma da fansho. Yau mun zo da wata magana wadda ba a faye yin ta a bainar jama’a ba, wato halin da ɗan’uwanmu yake shiga bayan an sallamo shi daga jinyar ciwon daji, wanda wasu ke kira sankara.

Kowa a nan ya san wahalar farko. Babu na’urar ƙona wannan cuta a garuruwanmu. Sai an tafi Asibitin Koyarwa na Jami’ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, ko na Jami’ar Ahmadu Bello da ke Shika, a kan hanyoyin da kowa ya san halin tsaronsu. A sayar da akuya, a jinginar da gona, a ci bashi. To, idan Allah ya sa an dace, aka yi tiyata, aka gama ƙarin ruwan magani, mutum ya dawo gida, sai mu cika gidan da barka har kwana uku, mu watse. A tunaninmu jinya ta ƙare, alhali rabinta aka yi.

Wata ’yar’uwarmu, malamar firamare, ta ba mu izini mu faɗi labarinta ba tare da suna ba. An cire mata nono ɗaya, Allah ya ba ta sauƙi. Saboda ƙauna muka hana ta komai: kada ta yi shara, kada ta ɗauki buta, ta dai kwanta ta huta. Wata uku tana kwance. Ranar da ta koma aji, ta ɗauki alli za ta rubuta kwanan wata a saman allo, hannu ya ƙi wuce kafaɗa. Kafin a tashi tara numfashinta ya ƙare. Ta koma gida tana shawarar ajiye aiki. Mu da muka hana ta motsi muna da kaso a wannan rauni, ko da yake da kyakkyawar niyya muka yi.

Ga abin da ba mu sani ba a lokacin. Maganin ciwon daji yana rage jini, yana kashe sha’awar abinci, yana kawo wata irin gajiya da barci ba ya warkarwa. Mai gajiya yakan kwanta, kwanciya kuwa tana zaizaye tsoka, zuciya da huhu su rage ƙarfi, sai ƙaramin aiki ya zama babba, mutum ya ƙara kwanciya. Motsa jiki daidai gwargwado shi ke katse wannan zagaye. A wani rahoto da aka fitar a shekarar 2019, wani taron masana a Amurka ya tattara binciken da aka yi, ya tabbatar da cewa tafiya ko makamancinta ta minti 30 sau 3 a mako, tare da atisayen ƙarfafa tsoka sau 2, yana rage gajiya da damuwa da ƙuncin rai ga masu wannan larura. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa’idojinta na 2020, ta shawarci manya da minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, kuma ta ambaci waɗanda suka tsira daga ciwon daji a cikinsu.

Akwai wani bincike da ya fi jan hankalinmu, wanda masana na Kanada suka jagoranta, aka bayyana sakamakonsa a 2025. An ɗauki mutum 889 da aka yi wa tiyata da magani na ciwon dajin hanji, aka raba su biyu. Kashi ɗaya aka ba su takardun wayar da kai kan lafiya, aka bar su. Ɗaya kashin aka haɗa kowa da mai horarwa da ke bibiyarsa har shekara 3, kuma yawancinsu tafiya da sauri kawai suka zaɓa. Bayan shekara 8, kashi 90 cikin ɗari na masu horarwa suna raye, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 83. Ku lura, ’yan’uwa: duka biyu an gaya musu amfanin motsa jiki. Abin da ya bambanta su shi ne wani yana zuwa yana tambaya, yau ka fita? Mu malamai mun fi kowa sanin wannan. Ba rubuta aikin gida a allo ke sa yaro ya yi ba, sanin cewa gobe za a duba.

Ba mu da masu horarwa na haya, amma muna da juna, kuma wannan yanki ya taɓa gwada ƙarfin haɗin kai. A 2010, lokacin da gubar dalma daga niƙan duwatsun zinare ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da ’Yargalma da Bagega, ƙungiyar likitocin MSF ta kawo magani, ƙwararru suka kwashe gurɓatacciyar ƙasa. Amma sai da sarakuna da limamai da magidanta suka yarda aka fitar da niƙan daga cikin gidaje, sai da iyaye mata suka jure zaman asibiti da komawa gwaji, kafin aikin ya yi tasiri. Dalma daban, ciwon daji daban, darasin dai ɗaya ne: likita yana fara aiki, jama’a ke ƙarasa shi.

Don haka muna gabatar da shawarwari huɗu.

Na farko, kowane reshe ya haɗa duk wanda ya dawo daga jinya da abokan tafiya biyu. Ba sai an fita bayan gari ba, tunda halin tsaro bai ba da dama ba. Filin makaranta ya isa, bayan sallar asuba ko bayan la’asar. Mata su zagaya tsakar gida ko harabar makaranta bayan an tashi. A fara da minti 5 ko 10, a riƙa ƙarawa mako-mako. Ma’auni shi ne mutum ya iya hira yana tafiya. Sannu ba ta hana zuwa.

Na biyu, a haɗa da ƙarfafa tsoka: tashi da zama daga benci sau goma, ɗaga gorar ruwa, tura bango da hannu. Wadda aka yi wa aikin nono ta riƙa hawa bango da yatsu a hankali, kamar yadda likitan gashin ƙashi ya nuna mata. Da wannan ’yar’uwarmu ta fara, yau kuwa tana rubutu har saman allo.

Na uku, a ware wani abu daga asusun taimakon juna, ko a buɗe adashe, domin kuɗin motar komawa asibiti ganin likita, da abinci mai gina jiki kamar wake da ƙwai da kifi da nono da zogale. Ba a motsa jiki da yunwa.

Na huɗu, muna roƙon shugabannin makarantu su sassauta jadawalin wanda ya dawo, na zango ɗaya ko biyu, abokan aiki su yi masa gayyar sauran darussa. Gara mu ɗauki darasi biyu a mako da mu rasa malami gaba ɗaya.

Sai gargaɗi. Motsa jiki ba ya maye gurbin magani, kuma ba a farawa sai da izinin likitan da ke duba mutum, musamman wanda cutar ta taɓa ƙashinsa ko jininsa ya yi ƙasa. Zazzaɓi, jiri, ciwon ƙirji, zubar jini ko kumburin hannu, duk alamu ne na a tsaya a koma asibiti. A guji rana tsaka a lokacin bazara, a rufe hanci a ƙurar hunturu, a nisanci wuraren niƙan duwatsu.

Akwai kuma nauyin da ke kan harshenmu. Ciwon daji ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare ko musafaha, ba kuma abin kunya ba ne. Mijin da ya juya wa matarsa baya don an yi mata tiyata ya ƙara mata ciwon da ya fi na farko. Mu tuna cewa ’yar jihar nan, Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu, ita aka zaɓa a 2024 ta zama shugaba mai jiran gado ta ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta duniya, mutum na farko daga Afirka. Idan ’yar Zamfara tana wannan magana a gaban duniya, bai kamata mu riƙa yin ta da raɗa a ofishin malamai ba.

Magabata sun ce zumunci a ƙafa yake. Mun saba fahimtar haka da zuwa dubiya mu zauna a kan tabarma. Yau muna roƙon a ƙara taki ɗaya: idan mun je, mu miƙa hannu mu ce, Malam, tashi mu ɗan zagaya. Sakatarorin rassa za su karɓi sunayen masu son shiga kafin a watse.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya dawo da zaman lafiya ƙasarmu.