Jinya Gayya Ce: Halin Mai Jinyar Ciwon Daji a Karkarar Kano ta Arewa



Gabatarwa

Kalmar jinya a bakin Bahaushe fuska biyu gare ta. In aka ce wane yana jinya, ana nufin ciwo ya kwantar da shi. In kuwa aka ce wance tana jinyar mijinta, ana nufin ita ce a tsaye a kansa dare da rana. Kalma ɗaya ke nan ta haɗa na kwance da na tsaye, kamar dai harshen ya riga ya gane cewa ciwo mai tsawo mutum biyu yake kamawa. Amma a asibiti katin mutum ɗaya ake yanka, a gida kuma mutum ɗaya ake zuwa dubawa. Wannan lacca a kan na biyun take, watau miji ko matar da ke jinyar abokin zama wanda ciwon daji ya riga ya ci ƙarfinsa, a ƙauyukan da ke arewa da birnin Kano.

Ƙasar da Mutanenta

Ƙasar da ake magana a kanta ita ce wadda ta tashi daga Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa, ta nausa Bichi da Ɓagwai da Tsanyawa, har zuwa Ɗambatta da Makoɗa da Kunci. Tun a shekarun 1960 masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya bayyana yadda jama'a suka yi yawa a kewayen Kano, har ya zama ba a barin gona ta huta. Kowace shekara sai an nome ta, taki ne kawai yake riƙe da ita. Rabon gado kuma kullum ƙara tsaga gonakin yake yi. Magidanci yana shuka gero da dawa da wake da gyaɗa a 'yan filaye ƙanana, da rani ya tafi cin rani ko ya kama sana'a. Matarsa tana kiwon awaki, tana ƙuli-ƙuli ko fura, tana zubin adashi. Arzikin gida ke nan gaba ɗaya: gona, da ƙarfin mutum biyu. Babu rara a ciki. Saboda haka in ɗaya ya kwanta, ɗaya ya koma jinya, to, ƙarfin gidan duka ya bar gona.

Ciwon da Maganinsa

Ƙididdigar hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta nuna cewa a shekarar 2020 kimanin mutum 125,000 ne suka kamu da ciwon a Nijeriya, kimanin 79,000 kuma suka rasu. Sankarar mama ce a gaba, sai ta gaɓar da ke gindin mafitsarar maza, sai ta bakin mahaifa. Yawancin masu ciwon ba sa isa asibiti sai abu ya yi nisa, kuma akwai dalilai. Ƙullutu a nono ba ya zafi da farko, kunya kuma tana hana mace nuna shi. Akwai kuma tsohuwar magana da ta zauna a zukatan mutane, cewa daji ba ya son ƙarfe, wai da zarar allura ko wuƙar likita ta taɓa shi sai ya fusata. Don haka sai a fara da sassaƙe da saiwoyi da shafe-shafe, wata da watanni. In an je asibiti a makare, majinyaci ya rasu bayan tiyata, sai maganar ta ƙara samun gindin zama, alhali jinkirin ne ya yi kisan.

Manyan hanyoyin maganin asibiti iri uku ne. Akwai tiyata. Akwai magani mai ƙarfi da ake sawa ta jijiya, wanda mutane ke kira kemo. Galibi ana yin sa ne bayan kowane mako 3, sau 6 ko sau 8. Akwai kuma gashi da na'ura mai haske, wanda akan yi kwana 5 a mako, har tsawon makonni. Mutumin Ɗambatta zai yi tafiyar kimanin kilomita 50 kafin ya iso Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988. Shekaru da yawa, in aka rubuta wa mutumin Kano gashi, sai ya nufi Shika a Zariya, ko Abuja, ko Sakkwato, ya kama layi, ya yi fatan kada na'ura ta lalace kafin a zo kansa. A 2025 an buɗe sabuwar cibiya a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Duk da haka, kowace tafiya ta mutum biyu ce: kuɗin mota biyu, abinci biyu, makwanci biyu. Fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar nan kuwa daga aljihun jama'a yake fitowa.

Kalandar Likita da Kalandar Manomi

Likita da ranaku yake aiki, manomi kuwa da ruwan sama. Ranar kemo ba ta san an yi ruwan shuka jiya ba. Alal misali, a ɗauki magidancin da aka fara wa matarsa magani a watan Mayu. Zagaye na biyu zai faɗo lokacin shuka, na uku lokacin noman farko, na huɗu lokacin maimai, sa'ad da rumbu ya riga ya yi ƙasa, hatsi kuma ya yi tsada a Dawanau. In ya bi ta asibiti, ciyawa ta ci gona. In ya tsaya gona, magani ya tsinke, kuma maganin da aka tsinka amfaninsa yakan ragu. Kuɗi kuwa bi da bi suke fita: da farko awaki su tafi kasuwar Ɗambatta, sai kayan ɗaki, sai shanun huɗa, daga ƙarshe a jinginar da gona. Manomin da ya jinginar da gonarsa ya ci abincin baɗi a bana. Wannan shi ya sa da yawa suke barin magani a tsakiya. Ba jahilci ba ne, lissafi ne mai ɗaci.

Mace Mai Jinya, Namiji Mai Jinya

Nauyin jinya ba daidai yake sauka a kan miji da mata ba. In miji ne ya kwanta, babu mai tambayar wa zai yi jinya. An san matarsa ce. Ita za ta dama kunu, ta kwashe amai, ta wanke gyambo, ta juya shi a shimfiɗa don kada bayansa ya salaɓe, ta kwana a tabarma a barandar asibiti, wataƙila da goyo a bayanta. Sana'arta ta tsaya, adashinta ya karye. Amma in an zo shawara da likita, ko shawarar sayar da gona, sai wan miji ko ƙaninsa ya shiga, ita a bar ta a waje, alhali ita ce ta san abin da ya ci jiya da sa'ar da zazzaɓi ya taso. In ta Allah ta kasance, sai ta shiga takaba ta wata 4 da kwana 10, rabonta na gado kuwa tumuni ne in akwai 'ya'ya, su raba da kishiyoyi in akwai su, daga abin da jinya ta rage.

In kuwa mace ce ta kwanta, al'ada ta buɗe wa miji ƙofar fita. Sai a ce ta tafi gida jinya, uwarta ko yarta ta karɓi aikin, shi kuma ya riƙa leƙawa. Wasu sukan fake da cewa a tsofaffin littattafan fiƙihun Malikiyya kuɗin magani bai shiga cikin ciyarwar da ta wajaba a kan miji ba. Haka ne a mashhurin zance, amma an yi wannan hukunci ne a zamanin da magani bai wuce ƙaho da saiwa ba, kuma malaman zamani irin su Shehu Wahba Zuhaili na ƙasar Sham sun tafi a kan cewa a yau magani ya zama larura kamar ci da sha. Akwai mazajen da suka tsaya tsayin daka, suka yi wa matansu wanka da hannunsu bayan an cire nono, ba su juya baya ba. Irin waɗannan, maimakon yabo, wani lokaci gori suke sha a majalisa, a ce an shanye su. Al'ummar da ke yi wa mai amana gori ya kamata ta sake duba ma'auninta.

Ciwon da Ba Shi da Gaisuwa

A dubi yadda ake dubiya. Mai zuwa zai ce, "Sannu, yaya mai jiki?" Mai jinya kuma amsa ɗaya gare ta: "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Ko da numfashi ya kusa ƙarewa, da sauƙi za a ce. Wannan ladabi ne mai kyau, da tawakkali a cikinsa. Sai dai babu wata gaisuwa da ta ba mai jinya damar cewa ta gaji, ko tana tsoro, ko ta yi kwana 3 ba ta runtsa ba. Kunya da kara da haƙuri sun rufe bakinta. Bugu da ƙari, dubiyar kanta aiki ce: a shimfiɗa tabarma, a kawo ruwa, a maimaita labarin ciwo sau ashirin, a saurari kowa da maganin da ya ji an ce. Mutane su watse da magariba, dare kuma ya rage mata ita kaɗai. Dubiya haƙƙi ce a Musulunci, kuma zumunta a ƙafa take. Amma dubiya daban, ɗaukar nauyi daban.

Abin da Ya Kamata a Yi

Bahaushen karkara ya daɗe da sanin maganin aikin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sunansa gayya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da ake bukata shi ne a mai da jinya gayya, ta hanyoyi kamar haka.

Na farko, dangi su zauna tun ranar da likita ya faɗi sunan ciwo, su raba aiki da sunaye: wa zai raka asibiti wannan zagaye, wa zai kwana, wa zai riƙe yara, su wa za su nome gonar. Mai unguwa da liman suna da bakin da za su kira gayyar noma don gidan da ke jinya.

Na biyu, a shigar da mai jinya ɗakin likita, a yi mata bayani da Hausa. Ta san cewa zubewar gashi da amai da gyambon baki aikin magani ne, ba sammu ba ne, ba kuma alamar ciwo ya ƙaru ba. Ta san cewa kwana 7 zuwa 14 bayan kemo garkuwar jiki takan yi rauni ƙwarai, saboda haka zazzaɓi a lokacin na gaggawa ne, ba a kwana da shi, kuma mai tari ko mura ya yi dubiyarsa daga zaure. Addu'a da tofi ba sa karo da magani, amma duk wani jiƙo da za a sha a fara gaya wa likita.

Na uku, a yaƙi zafin ciwo. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin ba da maganin zafi hawa-hawa har zuwa mofin. A Ingila Cicely Saunders ta buɗe gidan kula da masu ciwon ajali a 1967, a Yuganda kuma Anne Merriman ta kafa irinsa a 1993, inda ake kai mofin na ruwa mai araha har gida. Majinyacin da ya samu barci, mai jinyarsa ma ta samu.

Na huɗu ya shafi ma'aikata da ɗalibai kai tsaye. Ma'aikaci a birni shi ne masaukin 'yan ƙauyensu, shi ne mai karanta musu takarda. A 2021 gwamnatin tarayya ta fara asusun tallafa wa marasa ƙarfi masu sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta maza, asibitin Shika na cikin waɗanda aka fara da su. A 2022 aka yi sabuwar dokar inshorar lafiya. A Oktoban 2023 aka fara allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Manomin Kunci ba zai ji waɗannan ba sai ɗansa ko ƙaninsa mai ilmi ya kai masa labari, ya kuma cika masa takarda.

Kammalawa

Akwai lokacin da likita zai ce magani ya kai iyakarsa. A nan gaskiya ita ce jinƙai, domin ɓoye ta yakan sa a sayar da gonar marayu a kan tafiyar da ba ta da amfani, a kuma hana mutum yin wasiyya da neman gafara a ɗakinsa, cikin iyalinsa. Komawa gida a irin wannan hali ba yar da majinyaci ba ne, matuƙar an tafi da maganin zafi, an kuma tafi da masu taimako. Rai da ajali na Allah ne. Amma ko mai jinya za ta fito daga jinya da lafiyarta da gonar 'ya'yanta, ko za ta fito ita ma a kwance, wannan yana hannun dangi da maƙwabta da hukuma.

Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya saka wa masu jinya da alheri.