Kada Mu Saida Dandali Saboda Jirgi

Jawabin da mushen lakol ya yi gaban taron ƙungiyar gari, ranar da anka yi shawara bisa maganar dandali.

Maigari, liman, shugaban ƙungiya, iyayena maza da mata, samari da ƴan mata, ina gaishe ku baki ɗaya. Ni yaro ne cikinku, da yawa nan sun ci tuwon sunana. Amma tunda kun ce mushe ma shi faɗi nashi, to ku gafarce ni, ga shi.

Kowa ya ji labari. Cikin watan Fabrairu na 2021 anka buɗe aikin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. Tun lokacin nan hili ya yi tsada ko'ina kusa da inda hanyar za ta bi. Mu ma baƙi sun zo har sau biyu suna taya dandalinmu, wai za su gina mangaza. Kuɗɗin da sunka aza ba kaɗan ba ne. Ban ga laihin wanda ranshi ya biya ba, don pamponmu ya lalace, aji biyu na lakol kuwa har yanzu rumfar kara ne.

Kahin mu yanke shawara, bari in ba ku labarin wani garin jirgi da dattawanmu sunka sani, wato Ƙauran Namoda, can ƙasar Zamfara. Jirgi ya iso can daga Zariya a shekarar 1929, kuma nan ne ƙarshen hanyar. Kakana, Allah shi jiƙan shi, ya sha kai gyaɗa can bisa raƙumi. Yana ce mana ranar da jirgi ya shigo, gari duka yana bakin tasha, ƴan dako, masu tuwo, dillalai, makaɗa, ba masaka tsinke.

Ni kuma na tahi can hutu wajen kawuna, lokacin ina ɗan lakol. Na iske tashar shiru, awaki na kiwo tsakanin ƙarahuna, don jirgi ya daɗe bai zo ba. Na ce a raina, ashe garin kakana ya mutu. Sai ga Salla. Ranar nan Sarkin Kiyawa ya hau, dawaki sunka sha ado, algaita da tambari na tashi, ƴan garin da ke Kano da Ikko duk sun komo gida. Na tambayi kawu ina wannan jama'a ta hito. Ya yi dariya ya ce: tun ba a haihi uwar mai sabulu ba, balbela na da farinta. Garin na nan da sarkinshi da hawanshi tun jirgi bai zo ba, kuma da jirgi ya janye, hawan ne ke maido mishi ɗiyanshi kowace shekara.

Nan gida ma mun gani. An yi bukin 18 ga Disamba na 2014 a Doso, an shimfiɗa hanyar jirgi daga Yamai zuwa can, wajen kilomita 140, an yi bukin buɗe ta cikin Janairu 2016, amma jirgin bai yi jigilar mutane yadda anka zata ba. Ba ina yi wa hanyar Maraɗi mugun baki ba ne, Allah shi sa ta ƙare lahiya, mu ma mu hau. Ina dai cewa jirgi baƙo ne, baƙo kuwa raɓa ne.

Yanzu mu duba abin da dandalin nan ke ɗauke da shi cikin shekara guda. Can muke sallar idi, ƙarama da ta layya. Can yara ke taruwa su hita tashe cikin azumi. Can muke rabon kyauta ga ƴan lakol in shekara ta ƙare cikin watan Yuni. Ranar 3 ga Agusta, ranar shuka itace da ƙasarmu ke yi tun 1975, can muke shuka dogon yaro, inuwar da kuke zaune cikinta yau. Bayan kaka kuma, in hatsi ya shiga rumbu, can muke kokowa kwana uku, ƙauyukan kewaye su zo, mata su saida ƙosai da fura. Ƴan kokowar da muke saurare a rediyo suna neman takobi, wasan da anka fara a Tawa cikin 1975, daga dandali irin namu sunka taso. Kuma ku tambayi samarinmu masu zuwa cin rani: da yawansu sai an gama kokowa suke ɗaure kaya. In babu dandali, mi za ya tsaida su ko da kwana ukun nan?

Saboda haka ina kawo shawara uku. Ta farko, a rubuta takarda, Maigari da dattawa su sa hannu, a kai ma'aikatar magajin gari, cewa dandali na gari ne, ba na saidawa ba. Ta biyu, mu tsaida lokacin kokowa tun yanzu, a sanar da na nesa, kada kowace shekara mu riƙa jiran sai an ce. Ta uku, kowane gida shi ba da dala ɗari bayan kaka, a raba biyu, rabi na buki, rabi na gyaran pampo. Ni da ƴan ajina mun ɗauki rubutun lissahi, za mu karanta shi gaban kowa.

In baƙi na son mangaza, akwai hili bayan kasuwa, a ba su haya, mu ci moriya kowace shekara. Kuɗɗin saida dandali ba za su kai damana biyu ba, tun ran gini kuwa ran zane.

Iyakar abin da ke bakina ke nan. In na yi kuskure, ƙuruciya ce, dattawa su gyara. Allah shi ba mu damana mai albarka, shi kai mu kokowar bana lahiya.