Zaɓen Kapasita da Koyil ga Mai Haɗa Rediyo da Hannunsa



Abu biyu ne ke kamo tasha a cikin rediyo: koyil, wato wayar tagulla da aka nannaɗe, da kuma kapasita. Tun 1853 William Thomson, wanda daga baya aka sani da Lord Kelvin, ya fitar da lissafin da ya ɗaure su wuri guda. Abin da mai haɗi zai riƙe daga lissafin shi ne, kafin mita ta ninku sau uku, sai ƙimar kapasita ta ragu sau tara. Matsakaicin zango a nahiyarmu ya tashi daga kilohaz 531 zuwa 1602, kusan ninki uku ke nan. Shi ya sa tsofaffin rediyoyi ke zuwa da kapasita mai juyawa ta pikofarad 365. Ka haɗa ta da koyil na maikrohenri 240, ka rufe farantanta duka, za ka sauka kusa da 540.

Shawarata, fara neman kapasita, domin ita ce mai wuyar samu. Koyil kuwa da hannunka za ka naɗa shi ya dace da ita. Mai farantan ƙarfe da iska a tsakani, irin wadda ake cirowa daga mataccen rediyo, ta fi ƴar robar nan ta rediyon aljihu inganci, sai dai ƙurar hunturu na shiga tsakanin farantanta ta riƙa sa ƙara, don haka a rufe ta cikin akwati. A kuma gajarta wayoyi. Doguwar waya da kanta ƴar kapasita ce. Pikofarad 30 na waya a kan 365 ba komai ba ne, amma a kan 10 da ke saura idan an buɗe farantan, sai ka ga mita mafi sama da za ka iya kamowa ta sauko sosai.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Ɗalibi zai je kasuwa ya ce a ba shi kapasita ta pikofarad 100, a ba shi, ya tafi yana murna. Bai tambayi da me aka yi ta ba, alhali nan maganar take. Kapasitocin yumɓu iri-iri ne. Nau'in C0G, wanda ake kuma kira NP0, sauyinsa bai wuce kashi 30 cikin miliyan a kowane digiri ba. Nau'in X7R an yarje masa ya kauce har kashi 15 cikin 100 tsakanin tsananin sanyi da tsananin zafi, Y5V kuwa ya fi haka muni nesa ba kusa ba. A ido kusan duk ɗaya suke. Mu kuma a Kano ko Zinder, tsakanin asubar hunturu da azahar ɗin watan Afrilu akwai tazarar da ta haura digiri 25. Ku ɗauki kilohaz 6090, mitar gajeren zango da aka san Rediyon Najeriya Kaduna da ita. Kapasita ta kauce da kashi 1 kacal cikin 100, mita za ta gusa da kilohaz 30, kuma a gajeren zango tazarar tasha da tasha kilohaz 5 ce. Gurbin tashoshi shida ke nan ka tsallake ba ka taɓa komai ba. Da C0G aka sa, gusawar ba za ta kai kilohaz 3 ba. Na sha ganin yaro mai hazaƙa ya jefar da aikin da ya yi daidai, yana zargin kansa, alhali laifin na ƴar kapasita ɗaya ce, kuma wannan yana yi mini ciwo. A tsofaffin masu siffar ƙwandala, ku duba wadda aka shafa wa baƙin fenti a ka, ita ce NP0. Ta maika mai azurfa ma tana da kyau, in an dace da ita.

Haka zancen yake a zoben da ake naɗa koyil a kai. Zobe mai launin rawaya da fari da ake cirowa daga akwatin wutar kwamfuta an yi shi ne don tace wuta. A da'irar kamo tasha cinye sigina yake yi. Abin nema shi ne T50-2 mai launin ja, ko T50-6 mai rawaya, wanda ya fi jure sauyin zafi. Ga matsakaicin zango, sandar ferayit ta tsohon rediyo ta wadatar, musamman idan wayarta mai silili da yawa tana nan ba ta tsinke ba.

Ingancin waɗannan kaya shi ake aunawa da Q, kuma kamar rariya yake: iya ƙanƙantar ramukanta, iya kyan tankaɗe. Ka raba mita da Q, ka sami faɗin abin da zai wuce. Q na 100 a kilohaz 1000 zai bar kilohaz 10, ya kusa daidai da tazarar kilohaz 9 da ke tsakanin tashoshin matsakaicin zango. A 6090 kuwa kilohaz 60 zai bari, tashoshi su hau kan juna. Kada ku wahalar da kanku, da'ira ɗaya ba za ta raba su ba. Hanyar da Edwin Armstrong ya fito da ita a 1918 ce mafita: a sauko da kowace tasha zuwa mita guda, yawanci kilohaz 455, a tace ta a can.

Wanda ya rasa kapasita mai juyawa yana iya sa dayod ɗin barakta, wanda ƙimarsa ke bin ƙarfin wutar da aka ba shi. Amma lallai a daidaita wutar, in ba haka ba batir na sanyi tasha na tafiya.

Kafin ku rufe akwati, ku kamo tasha mai rauni, ku kusantar da ƙarfen narka dalma mai zafi ga kowane ɓangare ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ya taɓa shi ba. Wanda murya ta gudu da kuka zo kansa, shi za ku cire ku canza.