Yaji, Biko da Kome: Abin da Mutanen Rigasa Suka Gani a Wani Tsohon Fim



An nemi reshenmu na wasan kwaikwayo ya ba da bayanin aikin da ya yi a hutun da ya wuce, to, ga mu mun zo da shi. Mun ɗauki wani tsohon fim na Amurka ne muka kai shi Rigasa, unguwar nan ta Kaduna da ke cikin ƙaramar hukumar Igabi, wadda da yawanku kuka sani saboda tashar jirgin ƙasan Abuja da aka buɗe a 2016. Mun nuna shi sau biyu, sau ɗaya ga maza a wani gidan kallon ƙwallo, sau ɗaya kuma ga mata a tsakar gidan iyayen ɗaya daga cikinmu. Wani ɗan'uwanmu na tsaye a gefe yana fassarawa da Hausa. Da aka ƙare sai muka zauna muka saurari abin da jama'a za su ce, kuma shi ne muka kawo muku yau.

Sunan fim ɗin The Awful Truth, watau gaskiya mai ɗaci. An yi shi a 1937, shekarar da aka buɗe siliman Rex a Kano. Leo McCarey ne ya ba da umarni, har ya sami kyautar Oscar saboda shi, Cary Grant da Irene Dunne kuma suka fito a matsayin miji da mata, Jerry da Lucy. Jerry ya ce wa matarsa ya tafi Florida, alhali kuwa bai je can ba. Ya komo gida da kwandon lemo na tsaraba, sai ga tambarin California a jikin lemon. Ita kuma Lucy ba ta kwana gida ba, ta shigo tare da malaminta na waƙa, ta ce motarsa ce ta lalace musu a hanya. Zargi ya shiga, suka tafi kotu. Ba su da ɗa, saboda haka abin da suka yi jayayya a kansa shi ne karensu. Alƙali ya raba auren, amma ya ce rabuwar ba za ta tabbata ba sai bayan kwana 90. A cikin kwanakin nan kowa ya sami sabon masoyi, kowa kuma ya duƙufa wajen ɓata wa ɗan'uwansa shiri. A daren ƙarshe suka kwana a wani gida na bayan gari, a ɗakuna biyu da ke da ƙofa a tsakaninsu wadda ta ƙi rufuwa, suka shirya dab da cikar wa'adin.

Irin wannan labari ya yi yawa a Hollywood a wancan zamani. Tun daga 1934 aka tsananta dokar tace finafinai a can, wadda ta hana a nuna cin amanar aure da kyakkyawar fuska. Sai masu shirya fim suka sami dabara: a raba ma'aurata tukuna, a bar su su yi ta zawarci, sa'an nan a mayar da su. Wani shaihin malamin falsafa na Jami'ar Harvard, Stanley Cavell, ya rubuta littafi a 1981 a kan bakwai daga cikin finafinan, har sai da ya ƙirƙira musu suna. Mu kuwa ba mu da bukatar ƙirƙira, domin Bahaushe ya daɗe da kalmarsa. Mace ta yi fushi ta tafi gidansu, yaji ke nan. Miji ya bi ta da ban haƙuri, biko ke nan. An rabu an sake komawa, kome ke nan. Wannan ne ya sa muka zaci fim ɗin zai yi magana da mutanenmu.

A wurin maza, dariya ta fi yawa a zaman kotu. Samari masu ɗinki da masu tuƙa keke suka ce ba su taɓa ganin hauka irin a kai kare gaban alƙali ba. Amma da dariya ta lafa sai wani dattijo mai sayar da hatsi ya ɗaga hannu ya ce, "'Ya'yana, ina iyayen yaran nan? Ina waliyyin yarinyar? Aure ya mutu tun daga ɗaki har kotu, babu babba ko ɗaya da ya ce su zauna?" Lalle ya lura daidai. In ban da wata gwaggon Lucy mai son barkwanci, babu wani dangi da ya shiga tsakani. Wani malamin Islamiyya kuma ya nuna rashin jin daɗinsa ga raye-raye da shaye-shayen da ke ciki, ba mu kuwa musa masa ba. Sai dai shi ne ya fara cewa kwana 90 ɗin nan sun yi masa kama da idda.

A wurin mata zancen ya ɗauki wata hanya dabam. Ba su damu da kare ba. Abin da suka kama shi ne, miji ne ya fara yin ƙarya, kuma har fim ya ƙare ba a faɗi inda ya tafi ba, amma matar da ta makara dare ɗaya ita ce aka tuhuma. Wata tsohuwa ta ce ashe halin maza ɗaya ne ko a ƙasar Turawa, aka yi ta shewa. Can sai wata bazawara, wadda ba ta ce uffan ba tun farko, ta ce da mu, "Ƙannena, ni abin da ya ba ni sha'awa shi ne suna ganin juna. Suna faɗa, suna dariya, suna magana. Ni ranar da aka ba ni takardata, a daren na kwashe kayana. Ban ƙara sa shi a ido ba sai bayan shekara, a wurin jana'iza." Tsakar gidan ta yi tsit.

To, jama'a, a nan ne muke so mu tsaya. Malamin can ya ga kama tsakanin wa'adin kotun Amurka da idda, amma in aka auna, abin da ke hannunmu ya fi nasu ƙarfi nesa ba kusa ba. Suratul Baƙara, aya ta 228, ta ajiye wa matar da aka saka wa'adin jira, wanda a mazhabar Malikiyya ake ƙirga shi da tsarki uku, ta kuma ba miji damar mayar da ita a cikinsa matuƙar gyara yake nufi. Aya ta farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da ita daga ɗakinta a lokacin, ta kuma hana ta fita, ta nuna cewa Allah na iya kawo wani sabon al'amari a bayan haka. Aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta yi umarni a naɗa mai sulhu daga dangin miji da mai sulhu daga dangin mata tun ɓaraka ba ta yi nisa ba. In saki ɗaya ne ko biyu, ciyarwa da matsuguni suna wuyan miji har idda ta cika, kuma mayar da ita a ciki ba ya bukatar sabon sadaki. Duk wanda ya karanta Risala a zaure ya san wannan. Watau ƙofar nan da ta ƙi rufuwa a ƙarshen fim, shari'armu ta riga ta gina ta, ta kuma ce a bar ta a buɗe wajen wata uku.

Mu ne muke rufe ta da hannunmu. Miji ya rubuta takarda cikin fushi, wani ma a yau ta waya yake aikawa. Mata ta ga zama a gidan wulaƙanci ne, iyayenta su ga barinta a can zubar da girma ne, sai a aiko da mota a kwashe gado da kwanuka. Idda ta zama ƙirgen kwanakin da suka rage kafin manema su fara sallama. Wani kuma ya haɗa uku a baki ɗaya, gari ya waye yana kuka, ya shiga neman wanda zai yi masa auren kisan wuta, abin da malamai suka yi ta tsinuwa a kansa. Sakamakon haka ba ɓoyayye ba ne. Tun 2012 gwamnatin Kano ta hannun Hisba take ɗaura auren zawarawa, har a watan Oktoba na 2023 aka ɗaura 1,800 a tashi ɗaya. A 2017 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya fito da batun dokar iyali, aka yi ta ka-ce-na-ce. Ɗaura sabon aure alheri ne, amma ceto tsohon ya fi arha, ya kuma fi sauƙi ga 'ya'ya.

Kada kuma a ɗauka mun ce fim ɗin nan abin koyi ne. Matan Rigasa da kansu sun gane inda ya gaza. Jerry da Lucy masu kuɗi ne, ba su da goyo, ba su tunanin kuɗin haya ko na makaranta. Lucy ta bar gidan miji ta koma wani gida mai kyau. Matar Rigasa kuwa ɗakin uwarta take komawa, da yara uku, a gidan da dama ya cika. Wanda bai san yunwa ba shi ke iya mayar da saki abin dariya. Abu ɗaya kawai muke cewa a ɗauka: ma'auratan nan ba su daina magana da juna ba. Dattijon can ya ga babu manya a labarinsu, gaskiya ne. Bazawarar can kuma ta ga su biyun suna zance, abin da ita ba ta samu ba, ita ma gaskiya ce. A wurinmu manya sukan yi biko su gama, a mayar da mace ɗakinta, alhali ita da mijin ba su taɓa zama sun faɗa wa juna abin da ya haɗa su ba. Shi ya sa yaji kan maimaitu. Aure na bukatar dattijon da kuma zancen.

'Yan'uwa ɗalibai, daga cikinmu ne gobe za a sami alƙalai da lauyoyi da limamai da marubuta, kuma kusan dukkanmu za mu zama mazaje da matan aure. Tun daga Turmin Danya na 1990, finafinan Hausa sun ba mu labaran auren dole da na kishiya ba adadi, amma a ganinmu ba su ba biko da kome haƙƙinsu ba, alhali kuwa cike suke da ban dariya da ban tausayi: miji a durƙushe gaban suruki, ga tsofaffin gida suna leƙe. Reshenmu ya ƙudura rubuta wasa a kan wannan, wanda za a yi shi duka a cikin kwanakin idda, a gida ɗaya. Muna gayyatar duk mai sha'awa, musamman 'yan'uwanmu mata. Hausawa sun ce tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa, amma ba mu taɓa jin an cire ɗaya daga baki a ranar ba.

 Allah ya zaunar da gidajenmu lafiya.