Talauci Da Haihuwar Ƙuruciya A Karkara

Jama'a, binciken lafiyar al'umma da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2018 ya nuna cewa a karkarar Nijeriya kashi 27 cikin 100 na 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 sun haihu ko suna ɗauke da cikin fari. A birane kuwa kashi 8 ne kacal. Jihar Bauci ta kai kashi 41.

A Arewa galibin yaran nan a ɗakin aure suke. Manomin da damina ta yi wa gardama, rumbunsa ya yi ƙasa tun kafin bazara, yakan ga aurar da 'yarsa ragin baki ne. Uwa kuma ta ɗora mata talla don tara kayan ɗaki. Dokar 2004 ta ce karatun shekara tara kyauta ne, amma ina amfanin kyautar in makarantar tana wani gari, babu malama mace, ga kuɗin littattafai?

Ranar naƙuda kuwa, ƙugu bai yi ƙwari ba, asibiti na nesa, kuɗin mota babu. Mai sauran kwana takan ƙare a asibitin Babbar Ruga na Katsina da yoyon fitsari, sau da yawa ma mijin ya riga ya sake ta.