Wa Ya Cancanta, Kuma Nawa Ne? Jawabina Ga Matasanmu A Gumbin Kure

Iyayenmu dattawa, shugabar mata, 'yan'uwana matasa na Jega da Aliero da Maiyama, sannunku da zuwa.

Yau maganar masu buƙata ta musamman na kawo, wato makafi da guragu da kurame da kutare. Duk lokacin zaɓe muna raba musu keke da shadda, a ɗauki hoto, shi ke nan. Tambayata biyu ce: wa ya cancanci tallafin wata-wata, kuma nawa ne?

A watan Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna musu wariya. Dokar ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta ba gine-ginen gwamnati shekara 5 su yi musu hanyar shiga, aka kuma kafa hukumarsu ta ƙasa a 2020. Amma fa ba ta yanka musu ko sisi a wata ba. Dubu 25 ɗin da gwamnatin tarayya ta raba kuwa na gida ne, na wata uku, ba na mai lalura shi kansa ba.

Akwai dokar diyyar ma'aikata ta 2010, wadda ta ce wanda ya naƙasa gaba ɗaya a bakin aiki a riƙa biyansa kashi 90 na albashinsa. To amma sai mai albashi. Manomin albasa a Aliero da babur ya karya wa ƙugu, masu ɗori suka yi iya yinsu bai tashi ba, wa zai biya shi? Ɗan dako a kasuwar Jega fa?

Jihohi ne suka taɓuka. A 2007 Sule Lamido ya fara biyan naira 7,000 a wata a Jigawa, Wamakko kuma 6,500 a Sakkwato, nan maƙwabtanmu. Ku lura, a lokacin mafi ƙarancin albashi a doka 5,500 ne, wato gurgu ya fi ƙaramin ma'aikaci samu. Yau mafi ƙarancin albashi 70,000 ne, a Kebbi ma 75,000, alhali ƙarin da Sakkwato ta yi ya tsaya a 10,000. Don Allah kwana nawa dubu goma za ta ciyar da magidanci? Matsalar ita ce an yanka kuɗin a tsaye, ba a ɗaure shi da albashi ba, tsadar rayuwa ta cinye shi.

Don haka abin da nake so ɓangarenmu ya sa gaban duk ɗan takarar majalisar jiha shi ne doka, ba alheri ba. A ce kashi kaza na mafi ƙarancin albashi, in ya hau ya hau. Ko a ce mutum 200 a kowace ƙaramar hukuma 21, kowa 20,000, miliyan 84 ke nan a wata. Ba ta fi ƙarfin jiha ba.

Wurin da nake tsoro shi ne rubuta suna. Wallahi in aka bar wa 'yan siyasa, har da mu, lafiyayyu za su cika takardar, matar da ke kwance a ɗaki a ƙauyen Maiyama ba wanda zai tuna da ita. Likita ya duba, Sarkin Makafi da Sarkin Guragu su shaida, a liƙa sunaye a ƙofar mai unguwa, kuma kar a tambayi kowa katin jam'iyya.

Shugabannin matasa na mazaɓu, kowa ya bi gida-gida ya ƙirgo nasa kafin zamanmu na gaba.